Bayan Ta Shiga Ƙofar Asibiti



An nemi in yi magana a kan raunin da uwa ko jariri ke samu a wurin haihuwa, da alhakin da ke hawa kan asibiti idan sakaci ne ya jawo. Zan fara da wata baiwar Allah da ta zo ofishina da yaro a goye, ƙafafunsa na reto har bayan gwiwarta. Shekararsa huɗu. Wuyansa bai tsaya ba, bai taɓa zama da kansa ba, abinci ma sai mai ruwa-ruwa yake iya haɗiyewa. Ta miƙo mini katin awonta, cike yake da sa hannu, ba ta taɓa fashi ba. Ta ce ta isa asibiti bayan sallar isha'i, faya ta riga ta fashe. Aka duba ta sau ɗaya, aka ɗaura mata ruwan naƙuda, aka ce ta kwanta. Har asuba ba wanda ya sake saurarar bugun zuciyar abin da ke cikinta. Likita ya zo da hantsi ya ce sai an yi aiki. Aka ce a kawo kuɗi, a nemo jini, a jira maigida ya sa hannu. Sai bayan azahar aka ciro yaron, bai yi kuka ba. Ba zan faɗi sunan asibitin ba.

A asibiti an ce da ita ta yi haƙuri, haka Allah Ya ƙaddara. A gida wasu suka ce ɗan ruwa ta haifa, wasu suka ce ita ta jawo da yawon magariba da tsohon ciki. Ita kuwa tambaya ɗaya ta yi mini: “Barista, daga isha'i zuwa azahar, me suke jira?” Wannan tambayar nake so mu riƙe a yau.

Tun wani rubutu da masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka fitar a 1994, masana ke cewa jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda: na gida kafin a yanke shawarar fita, na hanya, da na cikin asibiti kafin a kula da ita. Shekara da shekaru muna dukan na farko a rediyo da wuraren wa'azi. Mun zargi maigidan da ya yi tafiya bai bar izini ba, mun zargi uwar miji, mun zargi kunyar haihuwar fari da yankan gishiri. Akwai gaskiya a zargin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda aka rasa a duniya a shekarar, kuma da yawansu ba su ga ƙofar asibiti ba. Amma ita wadda ta ji kiran fa? Ta yi awo, ta zo da wuri, ta biya kuɗin kati. Daga lokacin da aka karɓi katinta, sa'o'in da suka biyo baya amana ne a hannun asibiti, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Likitocin da ke nan za su yi mini uzuri in yi ɗan shisshigi a fagensu, don iyayenmu su gane abin da jinkiri ke yi wa jiki. Duk sa'ad da mahaifa ta murɗa, jinin da ke kai wa jariri iska ta mabiyiya yakan ragu, in ta saki ya dawo. Lafiyayyen jariri yana jurewa. Ruwan naƙuda, wato oksitosin, yana ƙara wa murɗawar ƙarfi da yawa. In aka ɗaura shi alhali kan jariri ya fi ƙugun uwa, ko kwanciyarsa ba daidai ba ce, to an tura mota ne a kan bango: ko mahaifa ta tsage, ko jariri ya rasa iska har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Shi ya sa aka yi takardar bibiyar naƙuda, wadda ungozomomi ke kira fatogiraf. Shafi ɗaya ce. Ana rubuta bugun zuciyar jariri duk rabin awa, buɗewar bakin mahaifa duk awa huɗu. In aka cika ta da gaskiya, ita da kanta take nuna cewa naƙudar nan ta tsaya, a kira likita ko a tura gaba. Haka nan jaririn da ya faɗo bai numfasa ba, ƙa'ida ita ce a tsane shi, a buɗe masa hanyar iska, in bai motsa ba a fara hura masa iska da 'yar jakar nan mai marufin fuska kafin minti ɗaya ya cika. Riƙe shi ta ƙafa ana mari, ko sheƙa masa ruwan sanyi, ɓata wannan mintin ne kawai.

Akwai kuma yaron da kansa ya fito kafaɗa ta maƙale. In aka ja kan da ƙarfi, ko wani ya hau danna cikin uwar daga sama, jijiyoyin da suka taso daga wuya zuwa hannu sukan miƙe ko su tsinke, sai a ga hannu ɗaya na lilo. Ita uwa kuma, in kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin mara, naman wurin yakan mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, fitsari ya kama tsiyaya. Wanda ya taɓa leƙa Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ya fara gyaran yoyon fitsari tun shekarun 1980, ko sashen masu wannan lalura a asibitin Murtala na Kano, ya san yadda cutar ke raba mace da mijinta da sallarta cikin jama'a. Likitocin da ke wannan gyara sun daɗe suna ankarar da mu cewa wani yoyon ma a ɗakin tiyata ake samo shi, in hannun da bai ƙware ba ya yanki mafitsara ko bututun fitsari garin ciro jariri.

Sai dai in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Ba kowane rauni ne sakaci ba. Yaro na iya shanyewa saboda shawara mai tsanani, ko sanƙarau, ko don bakwaini ne, ko wata matsala da ta same shi tun yana ciki. Kafaɗa na iya maƙalewa a hannun ƙwararren ƙwararru. Doka ma ba ta ce likita ya lamunce wa kowa lafiya ba. Ma'aunin da kotunanmu suka gada daga shari'ar Bolam ta 1957 a Ingila shi ne: shin abin da ya yi, wani rukuni na amintattun masu sana'arsa za su yarda cewa aiki ne karɓaɓɓe? Mai ƙara kuma sai ya nuna cewa akwai nauyin kulawa a kan wanda yake ƙara, cewa ya gaza sauke shi, kuma gazawar ce ta haifar da raunin. A wannan gaɓa ta ƙarshe ƙararraki da yawa ke mutuwa.

Na san halin da ungozomominmu ke ciki. Na san wadda ta kwana ita kaɗai da masu naƙuda biyar, wuta ta ɗauke, tana ɗinki da fitilar waya. In abu ya ɓaci, ita ake nunawa da yatsa, ita 'yan'uwan mai haihuwa ke zagi, ita ake canja wa wurin aiki. Wannan zalunci ne, kuma doka ba ta tsaya a kanta ba. Wani mutum mai suna Cassidy ya shiga asibiti a Ingila don a gyara masa yatsu biyu da suka ƙage, ya fito da huɗu a ƙage. Bai san ko likita ne ya yi kuskuren ko nas ba. A 1951 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba sai ya sani ba: asibitin da ya karɓe shi, ya zaɓi ma'aikatan, yake biyansu, shi zai amsa. Shekara goma bayan haka, a 1961, Babbar Kotu a Ibadan ta bi wannan hanya a shari'ar Igbokwe da hukumar asibitin koyarwa na UCH. Mace ce ta haihu, aka ga alamun taɓin hankali na bayan haihuwa a tare da ita, aka bar ta ba tsaro a bene hawa na huɗu, aka wayi gari ta faɗo ta rasu. Kotu ta ɗora alhakin a kan hukumar asibitin.

Ku lura da hikimar wannan. Mai naƙuda ba ta zaɓi wanda zai kasance a bakin aiki a daren ba, ba ta san sunansa ba, wani lokaci ma a sume take. Asibiti ta zo. Kuma akwai laifin da na asibitin ne kai tsaye, ko da kowane ma'aikaci ya yi iya yinsa. Wanda ya tsara aikin dare ya bar mutum ɗaya a ɗakin haihuwa, wanda ya bar janareta ba mai, wanda ya bar ɗakin tiyata a kulle makulli na aljihun wani, wanda ya buɗe asibitin kuɗi ya rubuta a allo cewa ana yin tiyata alhali ba mai sa barci ba jini, wanda ya riƙe mace har gari ya waye don kada kuɗin ya tafi wani wuri, duk waɗannan shawarwari ne da aka yanke a ofis, da rana tsaka, cikin natsuwa. Ba ma a ce abin ya fi ƙarfinmu ba. Binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga yawan jinin da ta zubar, tare da ba ta magungunan a lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Asibitin da ya san wannan ya ƙi tanada, da wace hujja zai ce da dangin mamaciya ba yadda za a yi?

Sai maganar sanar da mai ciki. Nadine Montgomery 'yar Sikotilan ce, gajeriya, mai ciwon suga, kuma jariran masu suga kan yi girma. Haɗarin maƙalewar kafaɗa a irin cikinta ya kai kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari. Likitarta ta sani, amma ba ta faɗa mata ba, don a ganinta in aka faɗa wa mata irin wannan duk za su zaɓi tiyata. A 1999 ta zo haihuwa, kafaɗa ta maƙale, aka yi minti 12 tsakanin fitowar kai da fitowar jiki, yaron ya tashi da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Ta yi ƙarar hukumar lafiya ta Lanarkshire, ta faɗi a kotuna biyu, ba ta haƙura ba. A watan Maris na 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba ta gaskiya, aka biya diyyar fam miliyan 5.25. Kotun ta ce haɗarin da mai hankali zai so ya sani kafin ya zaɓa, wajibi ne a faɗa masa, tare da sauran hanyoyin da ke akwai. Hukuncin Birtaniya bai ɗaure alƙalinmu ba, amma yana dubawa. Mu ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta a sanar da majiyyaci halin da yake ciki da zaɓin da yake da shi da haɗarin kowanne, cikin harshen da yake ji. Harshen da yake ji, jama'a. Miƙa wa macen da ke murƙususu takardar Turanci a ce ta dangwala bai cika wannan sharaɗi ba.

Game da jiran sa hannun maigida, ina girmama matsayin miji, kuma kyakkyawan abu ne a yi shawara da shi tun lokacin awo. Amma a doka, baligar mace mai hankali ita ke da izinin abin da za a yi wa jikinta. Kotun Ƙolinmu ta tabbatar da ikon majiyyaci a kan jikinsa a shari'ar Dokta Okonkwo a 2001, kuma a kan mai jego aka yi ta. Asibitin da ya bar jariri na shaƙewa ana neman maigida a waya, alhali uwar na cewa a yi, ba shi da mafaka a doka. Haka maganar “sai an ajiye kuɗi”. Sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, ya sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Tarar ta yi kaɗan ƙwarai, amma haramcin na nan.

Yanzu in koma kan kalmar da aka rufe wa baiwar Allahn nan baki da ita. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma malaman da suka koya mana ƙaddara su ne suka koya mana babin lamuni da diyya, ba su ga karo a tsakani ba. Direban da ya yi gudun ganganci ya kaɗe yaro, ajalin yaron ne ya yi, kuma diyya na kansa. Akwai hadisi a wajen Abu Dawuda da Nasa'i da ya ɗora lamuni a kan wanda ya tsoma hannu a magani alhali ba a san shi da saninsa ba. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya yi maganar likitan da ya yi kaciya hannunsa ya zarce: kuskure ne, kuma akwai diyya, danginsa masu ɗaukar diyya su biya. Ibn Rushdi ya bambance ƙwararren da ya yi kuskure da jahilin da ya yi kutse, wanda shi har horo ake yi masa. Ɗan tayi ma shari'a ta yanka masa haƙƙi, kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwarsa. A Bagadaza, a shekarar 931, da labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa wani ya mutu saboda kuskuren likita, sai ya hana kowa aikin likitanci har sai Sinan bin Sabit ya jarraba shi, aka jarraba mutum fiye da 860. Halifan bai jahilci ƙaddara ba.

Yafiya alheri ce, amma mai haƙƙi ne ke yin ta, bayan ya san abin da aka yi masa. Wadda aka ɓoye wa gaskiya aka ce ta yafe, me ta yafe? Sannan ga malamai a zaune, su yi mini gyara: abin da na karanta shi ne waliyyi ba ya kyauta da dukiyar yaro. In diyyar raunin haƙƙin yaron ce, da ita za a saya masa keke, a kai shi gashi, a ciyar da shi bayan ran iyayensa, to da wane iko kakansa zai tashi a zaure ya ce mun bar wa Allah?

Ba zan ruɗe ku ba, hanyar kotu tana da ƙaya. A shari'ar Ojo da Gharoro, allurar ɗinki ce ta karye aka bar guntunta a cikin wata mata bayan tiyata a asibitin koyarwa na Benin. Ta je har Kotun Ƙoli, a 2006 ta faɗi, domin kotu ta ce karyewar allura kaɗai ba ta tabbatar da sakaci ba, ita kuma ba ta kawo likitan da zai ba da shaidar ƙwararru ba. Samun likitan da zai tsaya a gaban alƙali ya ce abokin aikinsa ya yi kuskure abu ne mai wuya a ƙasar nan. Ina roƙon likitocinmu su dubi wannan da idon tsoron Allah, domin ɓoye shaida ba zumuncin sana'a ba ne. Ana iya kai koke Majalisar Likitoci ta Ƙasa, MDCN, da takardar rantsuwa. Kotunta ta ladabtarwa na iya gargaɗi, ko dakatarwa har wata shida, ko soke sunan likita daga rajista, amma ba ta yanka diyya. Ungozomomi da nas-nas ma suna da tasu majalisar. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Abu biyu nake so kowa ya fita da su. Na farko takarda. Ku adana katin awo da rasit da takardar sallama. Wanda ya raka mai naƙuda ya rubuta lokacin isowa, da lokacin da aka duba ta, da lokacin da aka ce aiki, da lokacin da aka shiga da ita. In abu ya faru, a nemi bayanin abin da ke cikin fayil a rubuce tun a makon, domin dokar 2014 ta wajabta wa asibiti adana bayanan majiyyaci, ta kuma mai da sauya su ko lalata su laifi. Na biyu lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta tarayya ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, kuma kotuna sun ce tana rufe hukumomin gwamnati ma, ba mutane kaɗai ba. Akwai togaciya, amma kada a dogara da ita. Ku auna wata uku a rayuwar mai jego: an yi suna, ana wankan jego, an yi arba'in, ta je gida ta dawo. Taɓuwar ƙwaƙwalwa kuwa sau da yawa ba ta bayyana sai an ga yaro ya wuce lokacin tsayar da wuya da zama bai yi ba. Kafin uwa ta gane an cuce ta, ƙofa ta rufe. 'Yan majalisarmu su sani, wannan doka a kan jarirai ba ta yi adalci ba, kuma gyaranta a hannunsu yake.

Ita baiwar Allahn da na fara da labarinta, asibitin gwamnati ne, kuma ta zo mini bayan shekara huɗu. Na rubuta musu ina neman fayil ɗinta. Wasiƙa ta uku aka amsa, aka ce an duba ba a gan shi ba. Na faɗa mata gaskiyar inda doka ta tsaya. Ta yi shiru, ta gyara goyonta, ta ce ita dama ba kuɗi ne ya kawo ta ba, tana da ciki wata shida, kuma asibitin nan ne kaɗai kusa da su. So take ta san ko an ƙara mai kwana a ɗakin haihuwar.